Baƙin da Kaka ta yi wa tuwo

Ni na ci tuwon. Gara in fara da wannan, don na san halina, idan na bar shi sai ƙarshe zan lallaɓa in sami hanyar wanke kaina. Kwana uku ina cin tuwon da kakata ta yi wa baƙi, ni da wasu ƙattai uku, har da suɗe kwano.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, kudu da garin Sinnar a ƙasar Sudan. A lokacin ina da shekara ashirin da ɗoriya, na gama sakandare, jami'a ta ƙi ni, ni kuma na ƙi hawasha, wato gonar ban-ruwan da mahaifina yake nomawa. Da wutar lantarki ta iso mana sai na je kasuwar Sinnar na sayo tsohuwar na'urar wasa da talabijin ɗaya mai ƙaton baya, na share ɗakin da ke ƙofar gidanmu, na shimfiɗa tabarmi, na ce na buɗe shago. Samari suna zuwa bayan sun taso daga gona, kowa ya riƙe madannin wasan, abin da muke kira hannu, na minti goma sha biyar, ya miƙa wa na bayansa. Bango ɗaya ne tsakanin shagon nan da ɗakin Kaka, bangon ƙasa, kuma akwai wata 'yar kafa daga sama da ban taɓa damuwa in toshe ba.

Kaka mahaifiyar babana ce. Sauran jikoki suna kiranta Habboba kamar yadda Larabawa ke kiran kakanninsu, ita kuwa ta tsani sunan, ta ce ita ba a haife ta a nan ba. Gaskiyarta ne. Tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka taso da ita daga yamma, daga wani gari a ƙasar Sakkwato, za su aikin hajji a ƙasa. Suka bar yayanta wurin kawunsu saboda kurkunu ya kama shi a ƙafa, suka ce masa shekara uku za su dawo. Suka tsaya cirar auduga a yankin Jazira, nan Sudan, don su sami na jirgin ruwa, uban ya rasu a can, shi ke nan. Ba su kai Makka ba, ba su koma gida ba.

Tun da na yi wayo na san al'adarta. Duk baƙon da ya sauka a ƙauyen daga yamma, ko ɗan kasuwa ko mai wucewa, sai ta sa an yi masa tuwon dawa da miyar kuka. Ba kisra ba, wannan gurasar dawa mai laushi da muke ci kullum, ta ce wannan abincin ƙasar nan ne, baƙo ya gaji da shi. Daddawar miyar ma daban take, tana ɓoye a cikin gwangwani ƙarƙashin gadonta. Ba ta tambayar baƙo komai sai ya ci ya huta kwana biyu ko uku. Daga nan sai ta yafa mayafinta ta je ta gaishe shi, ta faɗi sunan garinsu da na ubanta da na yayanta, ta tambaya ko ya san su. Ba wanda ya taɓa sani. Da idonta ya mutu, ni na zama mai riƙe mata hannu zuwa wurin baƙin, ni nake dawo mata da labarin wanda ya sauka da wanda ya tashi. Abin da na ce shi ta sani.

To, wasannin da ke shagon nan, ƙwallo ne da tseren mota da faɗa. Shekara biyu ina zaune gaban talabijin ɗin nan ban ga kowa mai kama da mu ba. Baƙin mutum in ya fito, ko dai ƙato ne ba riga yana dambe, ko kuma shi ake fara kashewa. Ban ma lura ba sosai, kada in yi muku ƙaryar cewa ina zaune ina tunani mai zurfi. Mun saba. Talabijin ɗin ƙasa ma bai taɓa yin Hausa ba, balle wani wasa da aka yi a can wata duniya. Mu kanmu a shagon Larabci muke yi, Hausar sai in za a yi zagi ko za a yi wa tsoho magana.

Sai wata rana mai sayar mini da faya-fayai a Sinnar ya ba ni wani sabo, ba hoto ba komai, an dai rubuta masa lamba da alƙalami. Wasan yaƙi ne. Kai ne sojan wata ƙasa, fari, an sauke ka a wata ƙasar Afirka da ba a faɗi sunanta ba. A zango na uku kana shiga wani ƙauye. Kai, ƙauyen nan abin takaici! Bukkoki, ga ƙoƙon kan dabbobi a kan sanduna, ga maza sun shafa farar ƙasa a fuska, ga wasu ganguna da ban taɓa gani ba. Duk tarkacen da suka ji an ce na baƙar fata ne sun kwaso sun zuba wuri ɗaya. Amma a bakin rijiya akwai wani dattijo mai farar riga da hula, shi kaɗai ne za ka iya gani a masallacinmu ba ka waiwaya ba. Da sojan ya matso sai dattijon ya yi ɗan tari, ya buɗe baki ya ce, "Sannunku da hanya. Kun sha tahiya. Ku zauna ku sha ruwa."

Wallahi sai da muka yi tafi. Wani ya miƙe tsaye yana ihu, "Hausa ce! Ya zol, Hausa ce!" Ya zol a Larabcinmu kamar ka ce kai malam ne. Muka mayar da wurin baya sau biyar muna saurare. Na ji wani irin daɗi a ƙirjina, kamar an kira sunana a rediyo. Har na aika aka kira wasu abokanmu Larabawa daga ƙauyen da ke tsallaken hanya, su zo su ji harshenmu ya shiga wasa. Suka zo suka ji. Da faɗa ya kaure, masu farar ƙasa a fuska suka fito suna ihu da Hausa, "Ga shi can! Ku kama shi!" ana harbinsu suna "Wayyo Allah", sai ɗaya daga cikin Larabawan ya ce, "To ashe ku ake harbi." Aka kwashe da dariya. Ni na fi kowa ɗaga murya.

Yadda aka tsara wasan, dattijon zai ja ka a hankali zuwa gidan mai gari, yana tafe yana dogara sanda, kuma ba dama ka tsallake. Tafiyar tana cin kusan minti uku, mai minti goma sha biyar kuwa ba ya son asarar uku. Ni ne gwanin da ya gano dabara: in ka harbe shi nan take a bakin rijiya, mayaƙan za su fito, a shiga faɗa ba ɓata lokaci. Da ka ɗaga bindiga zai ce, "Ɗana, mi na yi maka?" sai ka danna. Na koya wa kowa, ina ta fankama. Daga nan ya zama wasa a cikin wasa. Dattijon ya yi gaisuwa, samarin shago su amsa baki ɗaya da ƙarfi, "Yauwa Baba, sannu da gida, mun gode!" sannan a harbe shi a yi shewa.

Wannan amsawar ce ta jawo komai. Kaka ta saba da ƙarar bindiga da ta motoci daga shagon, ta daɗe da daina jinsu. Ta kuma san rediyo, tana sauraren labarai da Hausa kowace safiya, ta san ba a amsa wa rediyo gaisuwa. Amma ta kafar bangon nan ta ji dattijo ya gaisa, ta ji yara sun amsa masa da ladabi. Me za ta ɗauka?

Bayan azahar ta kira ni. Akwai wasan jika da kaka tsakaninmu, maigida take ce mini. Ta ce, "Maigida, ka yi baƙi ka ɓoye wa matarka? Su wane ne sunka sauka wurinka?"

Na ce, "Baƙi kuma, Kaka?"

Ta ce, "Kar ka raina mini hankali, idona ya mutu, ba kunnena ba. Na ji dattijo. Hausarsa ba Larabci ko ɗaya ciki, awa ta babana. Wanga mutum daga gida yake."

Da kun ga fuskarta a lokacin. Na daɗe ban ga ta washe haka ba. Na sha gaya wa kaina cewa tausayi ne ya sa na yi mata ƙarya, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai ƙyuya. Kafin in bayyana mata mene ne faifai, mene ne wasa, da 'yar Hausata da ke tuntuɓe a kan kowace kalma ta uku, sai la'asar ta yi. Akwai kuma abin da ya fi muni: abin ya ba ni dariya, har na ƙosa in koma shago in ba su labari. Na ce, "Eh, wasu masu wucewa ne. Sun gaji, suna hutawa."

Kafin magariba ga yayata a ƙofar shago da kwano a rufe da faifan kaba. Yayar tawa tana aure a gidan da ke bayan namu, ita ke yi wa Kaka girki, mace ce mai zafi, ba ta da wasa. Da yake an ce mata akwai baƙi maza a ciki, ba ta leƙo ba, ta yi sallama daga waje ta miƙo mini. Kunyarta ce ta rufa mini asiri. Na shigo da kwanon, na buɗe, ƙamshin daddawa ya cika ɗakin. Abokaina uku da ba sa tashi daga shagon suka wanke hannu. Wani ya gutsuro loma ya nuna wa talabijin, ya ce, "Baba, bismillah." Muka yi dariya har da riƙe ciki. Tuwon ya yi daɗi, tir da ni, har yau ina tuna daɗinsa.

Washegari da safe Kaka ta tambaye ni me suka ce game da miyar. Na ce sun ce kamar a gida. Ta yi murmushi ta ce dama ta sani. Sai ta murza bakin zaninta, ta ce, "Ba ka ji ko sun ambaci wajenmu ba?" Tun ina ƙarami nake jin sunayen garuruwan da ke kusa da nasu daga bakinta, na haddace su kamar karatu. Ba wanda ya matsa mini, da na ce ban ji ba da an wuce wurin. Sai na ɗauko sunan garin da ta ce suna zuwa cin kasuwa, na ce kamar na ji dattijon ya faɗe shi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Allahu akbar." Ranar ta sa aka yanka mata kaza, ta sa aka wanke mayafinta na zuwa biki.

A rana ta uku yayata ta zo karɓar kwano da wuri, ta yi sallama ba mu ji ba, ta ɗaga labule. Ta same mu mu huɗu a kan kwanon, ƙashin kaza a bakin ɗaya, dattijo kwance a bakin rijiya a cikin talabijin. Ta yafito ni waje, ta ja ni bayan katanga.

Ta ce, "Ina baƙin?"

Na fara kame-kame. Ta ce, "Rufe mini baki. Tsohuwar nan jiya ta sa na zauna tana maimaita mini abin da za ta tambaya, kada ta manta. Ta ƙarar da daddawarta. Kai wane irin mutum ne?"

Sai na hau faɗa, don in ba ni da gaskiya faɗa nake yi. Na ce wasa ne, ita ba ta san wasa ba, na ce ai tsohuwar tana jin daɗi, wa ya cutu? Na ce gobe zan ce mata sun tashi da asuba, magana ta ƙare. Yayata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka ce mata mutanen garinsu sun zo har bayan ɗakinta sun tafi ba ta gaishe su ba? Kashe ta kake so ka yi. Ka je ka faɗa mata gaskiya yau." Na ce to, na ji. Ban je ba.

Abin da na yi a rana ta huɗu shi ne wautar da ta fi duka. Na shiga gaishe da Kaka da safe, niyyata in share hanya, na ce mata baƙin suna shirin tafiya gobe, kuma dattijon ba ya jin daɗin jikinsa, ba ya son a dame shi. Ina ganin na yi wayo. Ta ce, "Gobe?" Na ce gobe. Da ina da hankali da na cire faifan nan na jefa a kogi, amma samari suka cika shago bayan la'asar, kowa shi yake so, na sa musu.

Hannun yana wurina, wani ya ce in nuna masa yadda ake wuce zango na uku. Sojan ya iso bakin rijiya ke nan sai aka ɗaga labule. Kaka ce, cikin farin mayafinta, tana ƙamshin turare, da goro biyu a ƙulle a bakin mayafin. Yayata tana riƙe da gwiwar hannunta. Daga baya ta gaya mini tsohuwar ta ce in ba a kawo ta ba za ta bi bango da kanta. Kaka ta yi sallama. Kowa ya yi tsuru-tsuru. Sai dattijon ya yi ɗan tarinsa ya ce, "Sannunku da hanya. Kun sha tahiya. Ku zauna ku sha ruwa."

Ta saki yayata, ta durƙusa a kan tabarma, ta fuskanci inda muryar ta fito. Ta ce, "A'a Malam, ku ke da sannu. Ina gajiya? Ina kunka baro mutanen gida?" Idan soja ya tsaya bai motsa ba, dattijon yakan maimaita maganarsa bayan ɗan lokaci. Ya maimaita. Ta ɗauka kunnensa ya yi nauyi, ta matsa gaba, ta ɗaga murya. Ta faɗi sunan garinsu. Ta faɗi sunan ubanta da sana'arsa. Ta faɗi sunan yayanta, ta ce in yana raye ya tsufa ƙwarai, yana da tabon kurkunu a ƙafar hagu, gidansu yana kusa da marina. Ta ce, "Ko 'ya'yansa ka sani, Malam, ko jikoki."

Ya yi tari, ya ce su zauna su sha ruwa.

Na ga ta karkata kai. Tari iri ɗaya, a wuri ɗaya, sau uku. Murmushin ya fara barin fuskarta. Ni kuwa na ce bari in tsayar da wasan. Shekara da shekaru ina cewa kuskure ne, yatsana ne ya zame. To, ya zame ɗin, amma ya zame ne zuwa inda na koya masa sau ɗari. Bindiga ta ɗago. Dattijon ya ce, "Ɗana, mi na yi maka?" Ƙarar ta cika ɗakin, ya ce wayyo Allah, ya faɗi.

Kaka ta yi salati da wata murya da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ta shiga laluben tabarma da hannu biyu, tana neman inda ya faɗi, tana cewa, "Ku ɗaga shi! Ku ɗaga shi mana, kuna tsaye!" Wani ya fizge wayar wuta daga bango, talabijin ya mutu. Samarin suka sulale ɗaya bayan ɗaya, har da abokan cin tuwona, aka bar mu mu uku.

Na durƙusa kusa da ita na faɗa mata. Da Hausa da Larabci a cakuɗe, ina kuka ina majina, ƙato da ni. Na ce ba mutum ba ne, hoto ne, wasa ne da wasu suka yi a wata ƙasa, ba baƙo ko ɗaya da ya sauka, ni na ƙirƙiro sunan garin. Ta saurara har na gama, hannunta yana kan tabarma.

Ta ce, "Tuwon fa?"

Na ce, "Mu muka ci."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Shi wanga da kah harbe, yau ne farko?"

Na ce a'a. Ta ce sau nawa. Na ce kullum.

Sannan ta ce, "Na ji, hoto ne. Amma muryar ta mutum ce." Na ce eh, wani ne aka ɗauki muryarsa, wataƙila wani Bahaushe da ke zaune a can ƙasarsu. Ta ce, "Ya san abin da kuke yi masa?" Na ce ban sani ba, kuma har yau ban sani ba.

Sai ta gyara durƙusonta, ta juya wajen talabijin ɗin da ba komai a cikinsa. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Jikana ne, ni na rene shi." Ta kwance goron daga bakin mayafinta ta ajiye a kan tabarma. Na kama hannunta zan tashe ta, ta kira sunan yayata.

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kai ƙarata wurin babana ba. Ina shiga gaishe ta kowace safiya, tana amsawa, tana sa mini albarka. Bayan damina wani mai sayar da magunguna daga yamma ya sauka a masallacinmu, mutum na gaske, ya kwana biyar. Ban san ta ji labarinsa ba sai da na dawo daga Sinnar wata rana na hango su daga nesa a kan hanyar masallaci, ita da farin mayafinta, mijin yayata yana riƙe da hannunta. Ta ƙara shekara biyu a duniya, baƙi sun sauka sun tashi, ba ta sake tambayata ko wa ya zo ba.